Fumie Da Waƙar Da Ta Gagari Mijinta

Akwai wani dattijo a nan garin Kojima na bakin teku, sunansa Shigeki Kuwabara. Shekara talatin da takwas ya yi yana aiki a kamfanin tace mai kafin ya yi ritaya, amma in ka tambayi 'yan unguwa wane ne Shigeki, ba wanda zai ambaci wannan aikin. Cewa za su yi, "Au, mai jita?"

Tun yana ɗan shekara sha bakwai ya fara kaɗa jita mai lantarki. Shi da abokansa uku suka kafa ƙungiya tun suna sakandare, har suka yi furfura ba su watse ba. Babban amininsa a cikinsu shi ne Genzo mai aski, wanda ke kan ganguna. Duk Lahadi da rana sai su haɗu a sito na bayan shagon shinkafa, su ja ƙofa, su yi ta kaɗa waƙoƙin rok masu tsawa irin na zamanin samartakarsu.

A cikin waƙoƙin akwai wata tsohuwar waƙa ta Turawa da suka laƙaba wa suna Mai Cizo, saboda yadda take cin yatsu. A tsakiyarta mawaƙi yakan yi shiru, a bar jita ita kaɗai ta yi ta kuka da gudu, kamar na daƙiƙa ashirin.

Shekara arba'in da huɗu Shigeki yana kai wa wannan wurin hari, bai taɓa hayewa ba. Da ya gaji sai ya ƙirƙiro dabara. In an zo wurin, ya tsallake wasu sautuka, ya ƙara ƙarar lasifika, ya murtuke fuska yana karkaɗa kai. Jama'a su yi ta tafi. A ransa yana ganin ba wanda ya san sirrin sai shi.

Matarsa Fumie kuwa ɗinkin wandunan jins ta yi shekara talatin tana yi a masana'anta. Mace ce marar yawan magana. Da ta ajiye aiki, 'yarsu Miho ta riga ta yi aure ta koma Hiroshima, maigida kuma kullum yana bakin teku da ƙugiyar kamun kifi. Gidan ya yi mata faɗi.

Wata rana tana gyaran kabad ta ci karo da tsohuwar baƙar jitarsa, wadda ya daina taɓawa tun da ya sayi ja mai tsada. Ta goge ta, ta sauko da ita falo.

"Baban Miho, ka koya min mana."

Shigeki ya kwashe da dariya har da buga cinya. "Ke? A wannan shekarun? Fumie, jita fa ba keken ɗinki ba ce."

"Na sani. Ka dai nuna min inda ake ɗora yatsu."

Ya nuna mata kamu uku a tsaitsaye, yana duba agogo. Yana fita ya ce, "Nan da sati biyu za ki mayar da ita inda kika ɗauko."

Ba ta mayar ba. Kullum da hantsi in ya tafi kamun kifi, sai ta hau sama ta rufe ɗaki. Ta samo bidiyon koyarwa a waya, ta rage masa gudu, ta ɗauki sauti huɗu kacal ta yi ta maimaitawa har su zauna mata a hannu. Yatsunta suka yi kanta, suka fashe, suka sake yin kanta. Shigeki bai taɓa tambayarta inda ta kai ba. Ya ma manta.

Bayan shekara ɗaya da rabi, wata Talata ruwan sama ya koro shi daga bakin teku tun kafin azahar. Yana cire takalmi a bakin ƙofa sai ya ji Mai Cizo tana saukowa daga bene. Ya ɗauka faifai ta kunna. Ya tsaya yana murmushi, yana jiran wurin nan mai gudu.

Wurin ya zo, ya wuce sumul, ba sautin da ya faɗi ƙasa. Sai kiɗan ya tsaya cak. Ya ji muryar matarsa tana cewa a hankali, "A'a, ƙarshen bai fita ba," sannan aka sake farawa daga tsakiya.

Shigeki ya daɗe a tsaye da bokitin kifi a hannu, ruwa yana ɗiga daga rigarsa. Wani abu mai zafi ya taso masa a ƙirji. Shekara arba'in da huɗu. Ita kuwa shekara ɗaya da rabi, a kan jitar da ya yar.

Ya buga ƙofa da ƙarfi kamar yanzu ya shigo. Kiɗan ya mutu. Fumie ta sauko da sauri da tawul a hannu.

"Sannu da zuwa. Kai, ka jiƙe sharkaf."

"Ina abinci?" Abin da ya ce ke nan.

Daga ranar komai na Fumie ya zama laifi. Miya ta yi gishiri. Shinkafa ta caɓe. In ya ga tana motsa yatsu a gefen tebur sai ya ja tsaki. Rannan ma ƙarya ya shirya mata, ya ce maƙwabta sun yi masa ƙorafin ƙara. Ta sunkuyar da kai ta ce za ta rage. Ta koma kaɗawa ba tare da ta jona lasifika ba.

Amma abin bai ɓoyu ba. Wata Litinin da shagon aski ke rufe, Genzo ya biyo ya kawo musu lemon gonar ƙaninsa. Shigeki yana bayan gida yana gyaran ƙugiya. Genzo ya hango baƙar jita jingine a falo, ya ce cikin wasa, "Uwargida, an ce kin zama makaɗiya. A ɗan taɓa mana mu ji."

Ta yi ta noƙewa, ya matsa. Ta jona, ta kaɗa.

Shigeki ya shigo ya tarar da amininsa baki buɗe, lemo ɗaya ya gangare ƙarƙashin tebur.

Genzo, wanda ya saba taƙaita sunansa zuwa Shige, ya ce, "Shige! Kai, Shige! Kana da wannan a gida ka ɓoye mana? Tabɗi! Ka ji yadda ta haye wurin nan kuwa? Kamar tana tsallake kwata!"

"Tana ƙoƙari," in ji Shigeki, yana yaƙe.

"Ƙoƙari? Mutumina, bikin kaka na titin kasuwa saura wata biyu. Kai ka kaɗa sauran waƙoƙin, in an zo Mai Cizo uwargida ta hau dandamali. Garin nan sai ya girgiza."

Fumie ta dubi mijinta. Idonta yana ƙyalli irin wanda ya daɗe bai gani ba.

"To," ya ce. "In tana so."

Kwana uku yana juya abin a ransa. Yana hango dandamali, yana hango mutanen da suka yi shekaru suna kiransa mai jita sun juya suna yi wa matarsa tafi. Ran na huɗu, da Fumie ta tafi cefane, ya sa baƙar jitar a jakarta, ya jefa a mota, ya kai ta wani shagon kayan gwanjo a Kurashiki. Bai ko tsaya ciniki ba.

Da ta dawo ta hau sama, ta sauko, ta duba falo, ta sake hawa.

"Baban Miho, ka ga jitar?"

"Na fitar da ita. Tarkace sun yi yawa a gidan nan." Bai ɗago daga jarida ba. "Ai tawa ce."

Ya yi tsammanin kuka ko faɗa, ya ma shirya amsa. Sai ta ce, "Haka ne, taka ce," ta shiga kicin. Ya ji ƙarar wuƙa a kan katako tana yanka albasa, ta daɗe tana yankawa.

Washegari ta kira Genzo a waya, Shigeki yana ji, ta ce ya yi haƙuri, kafaɗarta ce ta matsa mata, ba za ta iya hawa ba. Ba ta ambaci mijinta ba.

Shigeki ya yi zaton zai ji sanyi a ransa, bai ji ba. Gidan ya yi tsit. Wata safiya ya leƙa ɗakin ɗinki ya hango ta zaune da dogon ma'aunin katako na tela. Ta zana masa layuka shida da alƙalami, yatsunta suna gudu a kai, idonta a rufe. Ya ja da baya a hankali. Kunya ta kama shi, amma haushi ya fi kunyar yawa. Ko da katako ma ta fi shi.

Ran Lahadi a sito, Genzo ya zauna a bayan gangunansa yana gyara kujera.

"Kai, na ji haushin kafaɗar nan ta uwargida. To, ba komai. Sai mu koma wa taka, mai rangwame."

Sauran biyun suka yi dariya. Shigeki ya juyo.

"Wane irin rangwame?"

"Haba Shige. Wurin nan da kake tsallakewa mana."

"Kun sani?"

"Shekara arba'in ina zaune a bayanka, tsoho. Wa kake tsammani yake ƙara dukan farantin ƙarfe na ganga a daidai wurin don ya rufa maka asiri? Mun sani tun muna da gashi." Genzo ya shafa sanƙonsa. "Ai ba abin damuwa ba ne. Kai namu ne."

Da kyakkyawar zuciya ya faɗa, amma Shigeki ji ya yi kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Ya koma gida ya rantse wa kansa cewa a bikin bana zai kaɗa wurin nan cikakke, kowa ya gani.

Ya ajiye kamun kifi. Daga karin kumallo har la'asar yana sama da jar jitarsa. Ba ya rage gudu, domin a ganinsa wannan aikin 'yan koyo ne. Da ƙarfi yake afka wa wurin, ya faɗi, ya sake afkawa. Wuyan hannunsa na hagu ya fara zafi, ya manna magani ya ci gaba.

Sau ɗaya Fumie ta tsaya a ƙofa ta ce, "Ka sassauta babban yatsanka, kana shaƙe wuyan jitar da yawa."

"Yanzu ke za ki koya min?"

Ta ja ƙofar ta sauka.

Saura kwana shida biki, suna karin kumallo, ya ɗaga kwanon shinkafa da hannun hagu. Wani zafi ya harbe shi har gwiwar hannu, kwanon ya suɓuce ya tarwatse a ƙasa. Hannun ya kumbura suntum. Fumie ce ta tuƙa shi zuwa asibiti. Likita ya duba ya ce jijiya ce ta ƙone da aiki, ya ɗaure hannun, ya ce sati shida ko tsirkiya ɗaya kada ya taɓa.

A mota, a hanyar dawowa, suka tsaya a danja. An riga an manna takardun biki a kan turakun titi, da sunan ƙungiyarsu a jiki. Shekara ashirin da biyu ba su taɓa fashi ba.

"Fumie," ya ce, yana kallon gabansa. "In ba mai jita, ba za su hau ba."

"Haka ne."

"Ko za ki..."

"Da me? Ba ni da jita."

Danja ta ba da hannu. Ta ja motar, ta shiga filin wani shago ta kashe inji. Sannan ta juyo ta dube shi sosai.

"Bari in faɗa maka wani abu, Baban Miho, kada ka katse ni. Shekara talatin da uku ina ƙasa ina wanke-wanke, kana sama kana faɗuwa a wuri ɗaya. Kullum in ji ka, kullum ka sauko rai a ɓace. Na haddace waƙar nan da kunne tun kafin a yaye Miho. Da na samu lokaci sai na ce bari in ga mene ne a wurin nan da ya hana mijina sukuni. Na ɗauka in na gano za ka yi murna. Na ɗauka za mu zauna mu biyu, mu samu abin hira, tunda yarinya ta tafi kuma ni ban san komai a kan kifi ba."

Ta ci gaba.

"Na je na ba maƙwabta haƙuri, ka sani? Gida uku na shiga da kwalin alawa. Suka ce su ba su taɓa jin ƙara ba. Haka na dawo da kunya, ban ce maka komai ba."

Shigeki ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa.

"Hassada na yi miki. Ni, mijinki. Ranar da na ji kin haye wurin nan ji na yi kamar kin ƙwace min suna. Ki yafe min."

"Zan hau," ta ce. "Amma na yi wa Genzo ƙarya don in rufe ka, kuma ba zan tsaya a gabansa da ƙarya a bakina ba. Kai za ka je ka gyara."

Ya je a ranar. Ya tarar da shagon aski da mutum uku suna jiran layi. Ya so ya ja Genzo waje, Genzo ya ce hannunsa da kumfa, ya faɗa a nan. Haka Shigeki ya tsaya a tsakiyar shago da ɗaurarren hannu, ya faɗi abin da ya yi tun daga farko.

Genzo ya ajiye aska. Ya dube shi ta madubi.

"Shige, na san kai mai taurin kai ne. Ban san kai sakarai ba ne sai yau. Wuce ka nemo mata kayanta."

Shigeki ya hau jirgin ƙasa zuwa Kurashiki. Mai shagon gwanjo ya ce an saye baƙar jitar tun sati biyu da suka wuce, wani baƙo ne, bai bar suna ba.

Da ya dawo ya hau sama ya ɗauko jar jitarsa, wadda ko Genzo bai taɓa bari ya riƙe ba. Ya ajiye ta a gaban Fumie da hannu ɗaya.

"Ba a same ta ba. Ga wannan. Ba aro ba ne."

Ta ɗaga ta, ta gwada nauyinta. "Wuyanta ya fi kauri," ta ce. "Kwana biyar. To, jona min."

Ranar biki titin kasuwa ya cika da ƙamshin gasasshen kifi da soyayyar taliya. Ƙarfe biyu na rana aka kira ƙungiyar. An rage waƙoƙin zuwa uku masu sauƙi da ta iya, sai Mai Cizo a ƙarshe. Shigeki ne ya ɗauko mata lasifika da hannun dama, ya jona wayoyi, ya sauko ya tsaya cikin jama'a.

Fumie ta hau da rigar gida mai ruwan toka da tabarau a hanci. Wasu matasa a gaba suka fara 'yan dariya. A waƙar farko ta yi kuskure a fili, ta ɗan rusuna ta ci gaba.

Sai aka zo Mai Cizo. Mawaƙi ya ja da baya. Genzo ya sassauta dukan faranti, karo na farko a tarihin ƙungiyar, ya bar mata fili.

Ba ta karkaɗa kai ba, ba ta murtuke fuska ba. Ta dubi yatsunta kamar mai bin layin ɗinki, ta shiga wurin, ta fita ta ɗaya gefen. Kowane sauti ya fito. Titin ya ɗauki ihu, matasan nan har da tsalle.

Shigeki ya ji tsohon zafin nan ya sake taso masa a ƙirji, domin irin wannan abu ba ya mutuwa rana ɗaya. Amma wannan karon ya gane shi, ya haɗiye. Ba shi da hannun tafi, sai ya yi ta dukan cinyarsa da hannun dama, hawaye suna zubo masa.

Wata mata mai goyo da ke kusa da shi ta ce, "Kai! Baba, wace ce wannan baiwar Allah?"

"Matata ce," ya ce. Ya ga kamar ba ta ji ba saboda hayaniya, sai ya ɗaga murya. "Na ce matata ce!"

Da suka nufi gida a ƙafa, ita da jita a baya, shi da jakar wayoyi, ya yi gyaran murya.

"Malama, in hannun nan ya warke, kina ɗaukar ɗalibai?"

"Ya danganta. Ɗalibin yana wanke kwanuka?"

"Zai koya."

"To ya fara da wannan, mu ga hannunsa."

Yau shekara uku ke nan. Baƙar jitar ba ta dawo ba, kuma Fumie takan ce har yanzu hannunta yana kewarta. Shigeki ya sayi wata 'yar madaidaiciya yana koyo a kai. Ya kai rabin gudun wurin nan, sauti bayan sauti, ba tsallake. Wataƙila ya ƙarasa, wataƙila shekaru su riga shi. Ƙungiyar dai yanzu mutum biyar ce, kuma in an ce "mai jita" a unguwar, sai an tambaya wanne daga ciki.

Darasi: Hassada takan fi zafi a kan na kusa da kai, kuma kai take fara ci kafin ta taɓa wanda kake yi wa. In matarka, ko ƙaninka, ko abokinka ya iya abin da ya gagare ka, bai rage ka da komai ba. Ka taya shi murna, ka zauna ka koya a wurinsa, tun kafin ka yi ɓarnar da ban haƙuri ba zai dawo da ita ba. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai wannan labari, wataƙila akwai wanda zuciyarsa ke buƙatar jin sa yau.